Mai Bautar Ƙaddara da Mai Kwaikwayonta: Sharhi a kan Littafin V for Vendetta

Ɗalibai da yawa a yau sun san wata farar fuskar aro mai murmushi, mai siririn gashin baki da ya lanƙwasa sama da ɗan tsinin gemu, ko da ba su taɓa jin sunan littafin da ya yayata ta ba. An gan ta a fuskokin masu kutsen intanet na ƙungiyar Anonymous tun daga 2008, an gan ta a zanga-zangar Alƙahira da ta New York a 2011, har ta kai hukumomin Bahrain da na Saudiyya sun haramta shigo da ita a 2013. Mafi yawan masu sanya ta sun ɗauke ta alamar talaka da ya gaji da zalunci. Littafin da ta fito daga cikinsa bai sauƙaƙa maganar haka ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa ya cancanci a karanta shi a majalisin masu nazarin siyasar shari'a, duk da cewa labarin zane ne, kuma waɗanda suka yi shi ba Musulmi ba ne.

Alan Moore ne ya rubuta V for Vendetta, David Lloyd ya zana shi. Ya fara fitowa kashi-kashi, baƙi da fari, a mujallar Warrior ta Birtaniya a 1982. Mujallar ta mutu a 1985 labarin bai ƙare ba, sai kamfanin DC na Amurka ya ɗauke shi ya fitar da shi cikakke da launi, fitowa goma, tsakanin 1988 da 1989. Ƙagaggen labarin kimiyya ne na irin waɗanda ke hasashen gobe kusa. An yi yaƙin nukiliya a ƙarshen shekarun 1980, Afirka da Turai sun halaka, Ingila ta tsira daga bom amma yunwa da ambaliya da rikici sun cinye ta. Cikin wannan hargitsi jam'iyyar Norsefire mai aƙidar Fasist ta karɓi mulki, ta tattara baƙaƙen fata da 'yan Pakistan da Yahudawa da 'yan gurguzu da masu neman jinsi ta kai sansanonin gwale-gwale. Gwamnatin ta raɗa wa hukumominta sunayen gaɓoɓin jiki: Ido na kallon jama'a da kyamarori, Kunne na sauraron wayoyi, Hanci na binciken laifuka, Yatsa shi ne 'yan sandan ciki, Baki kuma gidan rediyo da talabijin. A samansu akwai Kai, wato Shugaba Adam Susan, zaune gaban wata babbar kwamfuta da aka sa wa suna Ƙaddara.

Labarin ya buɗe ne daren 5 ga Nuwamba 1997. Evey Hammond, marainiya 'yar shekara 16, talauci ya fitar da ita titi karo na farko, sai ta faɗa hannun 'yan Yatsa. Wani mutum cikin baƙar alkyabba da fuskar aro ya cece ta, ya hau da ita saman bene ta ga yadda ya tarwatsa ginin Majalisar Dokoki. Ranar da fuskar duka na Guy Fawkes ne, ɗan Katolikan da aka kama ranar 5 ga Nuwamba 1605 yana gadin gangunan albarushi a ƙarƙashin Majalisar, da nufin halaka Sarki James na Ɗaya. Fawkes dai ba maƙiyin sarauta ba ne, so yake a sami sarautar da za ta bi ɗariƙarsa. Littafin ya ari fuskarsa ya bar aƙidarsa.

Kafin a shiga ma'ana, akwai abu guda na sana'ar zane da ya shafi hukuncin da za a yanke wa littafin. Moore da Lloyd sun yi watsi da kumfar nan da ake zanawa a kan mutum don nuna abin da yake saƙawa a zuci, sun kuma bar rubuta ƙarar duka da ta bindiga. Ana jin zancen zucin wasu ta wata hanya, amma na V ba a taɓa ji ba, ba a kuma taɓa ganin fuskarsa ba. Murmushi ɗaya ne a lokacin da yake kisa da lokacin da yake lallashi; inuwa da kusurwar da Lloyd ya zaɓa su ne kawai ke sa a ga kamar ya sauya. Saboda haka mai karatu yana matsayin alƙalin da aka hana shi sanin niyya, sai zahirin aiki kaɗai. Wannan matsayi ne da masu karatun fiƙihu suka saba da shi.

Ramuwa

Kashi na farko na littafin labarin ɗaukar fansa ne zalla. V fursuna ne a sansanin Larkhill, a ɗaki na biyar, wanda lambarsa ta Rumawa ita ce harafin V. An yi gwajin wata allura a kan fursunoni, duk suka mutu ban da shi. Ya haɗa abin fashewa da takin lambu ya ƙone sansanin ya tsere. Cikin shekarun da suka biyo ya bi ma'aikatan wurin ɗaya bayan ɗaya, gommai, sai uku suka rage. Lewis Prothero, kwamandan sansanin wanda ya zama mai karanta sanarwa a rediyo da sunan Muryar Ƙaddara, yana da tarin 'yar tsana da yake ƙauna fiye da mutane. V ya ƙona su a gabansa cikin tanda irin ta sansanin, ya haukace. Bishop Anthony Lilliman, limamin sansanin mai lalata da ƙananan yara, an ciyar da shi gurasar jibin Ubangiji da aka cusa wa guba. Likita Delia Surridge, wadda ta yi gwajin kuma take nadama, an yi mata allurar da ba ta da zafi tana barci, ta farka suka yi magana cikin natsuwa, ta mutu.

An tsara kowane kisa ya dace da laifin mai shi, kuma nan ne daɗin karatun yake, nan ne kuma tarkonsa. Zuciya tana hutawa idan sakamako ya yi kama da aiki, har mai karatu Musulmi ya iya cewa ai wannan ƙisasi ne. Ba ƙisasi ba ne. Aya ta 33 ta Suratul Isra'i ta ba waliyyin wanda aka kashe bisa zalunci iko, ta kuma hana shi wuce iyaka a cikin jumla guda. Ƙurɗubi, a tafsirin ayar ƙisasi ta Suratul Baƙara, ya kawo cewa babu saɓani a kan cewa majiɓinta al'amari ne ke zartar da shi. Akwai ƙara, akwai shaida, akwai damar kare kai, akwai ƙofar diyya da ta afuwa a buɗe har zuwa lokacin ƙarshe. V ya haɗa mai ƙara da shaida da alƙali da hauni a jiki ɗaya, ya kuma ƙara wasan kwaikwayo a kai. Da Surridge ya nuna yana iya rangwame, amma rangwamensa ya tsaya ga salon kisa. Tubanta bai sayi ranta ba.

Sai dai gaskiya ta wajabta a faɗi hujjar V da ƙarfinta. Wace kotu zai je? Kotunan na masu sansanin ne, limamin cocin yana cikin masu laifin, wanda ya kamata ya zartar da ƙisasi shi ne ya ba da umurnin kisan. Littafin ya gina duniyar da duk ƙofofin haƙƙi suke a rufe don ya ga abin da mai karatu zai halatta. Amsar da ta fi kusa ita ce zalunci yana bayyana dalilin mai ramuwa, har yana iya zama uzuri a gare shi a wurin Ubangijinsa, amma ba ya mai da shi kotu. Ayoyin Suratush Shura daga 39 zuwa 43 sun ɗauke zargi daga wanda ya rama bayan an zalunce shi, suka iyakance ramuwar da daidai laifin, suka fifita haƙuri. V bai tsaya ga daidai ba: 'yan sandan da ke gadi da ma'aikatan gidan talabijin ba su taɓa zuwa Larkhill ba.

Moore da kansa bai bar maganar ta wuce lami lafiya ba. Ya sa shugaban Hanci, Eric Finch, mutum mafi mutunci a cikin gwamnatin, ya karanta kundin tunawa na Surridge ya tarar an yage wasu shafuka. Finch ya kawo fassara biyu: ko dai mahaukaci ne yake ramuwa kuma ya gama, ko kuwa ramuwar lulluɓi ce, yana kawar da duk wanda zai iya gane shi kafin ya fara babban aiki. Littafin bai zaɓi ɗaya ba har ƙarshe. Tambayar da ya bari, ko juyin juya halin bawan ramuwa ne ko ramuwar ce baiwarsa, ita ce wadda duk mai nazarin tarihin masu tawaye yake cin karo da ita, tun daga Mukhtar as-Saƙafi da ya tashi a Kufa a shekara ta 66 bayan Hijira da tutar fansar jinin Husaini.

Maza biyu da gumakansu

Babi mafi kyau a littafin shi ne wanda aka jera zantukan mutum biyu. A rabin farko Shugaba Susan yana cikin mota yana zancen zuci: bai taɓa sanin mace ba, ba ya neman a so shi, amma yana da abar ƙauna, kwamfutar nan Ƙaddara, wadda yake ganin ta fi shi tsarki domin ba ta da tausayi kuma ba ta kuskure. Yana bauta mata, yana kuma sane da cewa ba ta san da shi ba. A rabi na biyu V yana tsaye gaban mutum-mutumin Adalci da ke saman kotun Old Bailey, yana yi mata magana kamar tsohuwar masoyiya da ta ci amanarsa ta bi mai kaki da takalmin soja. Ya sanar da ita ya yi sabuwar masoyiya, wato aƙidar zama ba shugaba, ya ajiye mata kyauta, kyautar ta fashe.

Hoton Susan hoton shirka ne da ba kasafai ake samun mai kyansa a adabin zamani ba: mutum ya ƙera abu da hannunsa, ya jingina masa sani da hukunci, sannan ya durƙusa masa. Jama'a ma an sa su cikin bautar, domin sun gaskata cewa muryar da suke ji a rediyo ta kwamfutar ce. Da Prothero ya haukace aka sauya murya, imaninsu ya fara tsagewa. Gwamnatin da ta kira na'urarta Ƙaddara tana cewa talakawa ne abin da ya same su rubutacce ne, ba mai tambaya. Masu tarihin ilimin kalam sun san an zargi wasu sarakunan Banu Umayya da fakewa da irin wannan magana.

Abin da masu sanya fuskar aron ba su cika lura da shi ba yana cikin kashi na uku. A can aka bayyana cewa tun farko V ya kutsa cikin kwamfutar. Da ita yake sanin komai, da ita yake karkatar da wasiƙu da rahotanni, da ita ya aika wa Susan kalmar soyayya a allo har ya ƙarasa zautar da shi. Lloyd ya zana shi yana jera 'ya'yan domino a ƙasa, ɗaruruwa, cikin siffar harafinsa, yana jiran ya taɓa na farko. 'Ya'yan dominon mutane ne: matar da mijinta ya mutu, ɗan sandan da ke neman gaskiya, yarinyar da ya ceta. Har mutuwarsa shi ya tsara ta, ya bar Finch ya harbe shi a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Victoria. Susan ya bauta wa ƙaddarar ƙarya, V kuwa ya hau kujerarta. Mai wa'azin cewa kada kowa ya mallaki kowa shi ne ya fi kowa mallakar mutane a cikin labarin, kuma ba wanda ya zaɓe shi, ba wanda ya yi shawara da shi.

Kurkukun Evey

Inda wannan ya fi muni shi ne tsakiyar littafin. V ya yasar da Evey a titi, wani ɗan harkar bayan fage mai suna Gordon ya ɗauke ta, wani ɗan daba Alistair Harper ya kashe Gordon. Ta ɗauki bindiga za ta rama, sai aka cafke ta ta baya. Ta farka a kurkuku. Aka aske mata kai, aka riƙa dulmuya fuskarta cikin ruwa, aka bar ta da yunwa da ɓera. A wani rami na bango ta sami wasiƙa da aka rubuta a takardar bayan gida, daga wata fursuna mai suna Valerie, 'yar fim da aka kama saboda tana neman mata. Wasiƙar tana cewa akwai ɗan abin da ya rage wa mutum na mutuncinsa wanda ba a iya ƙwacewa sai in shi ya bayar. Mai karatu Musulmi yana da matsayinsa na shari'a game da rayuwar Valerie, kuma littafin ba zai sauya shi ba. Amma matsayin nan bai halatta a kama mutum ba shari'a a yi gwajin magani a jikinsa har ya mutu ba.

Aka kawo wa Evey takarda ta sa hannu cewa V ya yaudare ta, a sassauta mata, in ta ƙi a harbe ta. Ta ƙi. Sai aka ce mata ta tafi. Ta fito ta tarar masu gadin gumakan roba ne, muryoyin na'urar ɗaukar magana ce, kurkukun kuma ɗaki ne a gidan V. Shi ya yi mata duk wannan, wai don ya 'yantar da ita daga tsoro kamar yadda Larkhill ya 'yantar da shi. Wasiƙar kaɗai ce ta gaske. Shi aka fara turo wa ita daga ɗaki na huɗu.

Tsayuwar Evey abar girmamawa ce. Shari'a ta yi rangwame ga wanda aka tilasta, kamar yadda aya ta 106 ta Suratun Nahli ta sauka a kan Ammar ɗan Yasir, ta kuma girmama wanda ya ɗauki azima ya ƙi rangwamen, irin Bilal da Khubaib. Amma falalar wanda ya jure azaba ba ta komawa ga wanda ya azabtar da shi. Ba wanda ya taɓa gode wa Umayya ɗan Khalaf saboda darajar Bilal. Muslim ya ruwaito cewa Hisham ɗan Hakim ya ga an tsayar da wasu mutane a rana a ƙasar Sham saboda haraji, ya yi inkari, ya kafa hujja da faɗin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya. Hadisin bai keɓe mai kyakkyawar niyya ba. Wanda zai kawo ƙissar Musa da Khidr don kare irin wannan tarbiyya sai ya tuna cewa Khidr ya bayyana bai aikata abin da ya aikata da ra'ayin kansa ba, kuma Musa ya bi shi ne da zaɓinsa, bisa sharaɗin da ya sani.

A nan ne littafin ya yi rauni, kuma raunin na adabi ne kafin ya zama na ɗabi'a. Moore ya ba Evey shafuka kaɗan na fushi, ta kira abin da sunansa, sannan ya fitar da ita saman bene cikin ruwan sama ta ɗaga hannuwa kamar wadda aka sake haifa, daga baya har ta yi godiya. Zanen yana da ƙarfi ƙwarai, ƙarfinsa kuma shi ne matsalar, domin ya sa gwajin ya yi nasara. Marubucin da ya ƙi yanke hukunci a kan kashe-kashen V ya yanke shi a nan, ya goyi bayan mai azabtarwa. Wanda ya san abin da ake samu daga ɗakunan azaba na gaske ya san ba 'yantattu suke fitarwa ba. Abin da ya rage wa wannan sashe na daraja shi ne abin da ya biyo baya: V ya nuna mata furen da ya shuka domin Harper, irin wanda yake bari a kan gawar duk wanda ya kashe, ya ce in ta tsinke shi zai kashe mata shi. Ta ce a bar furen ya girma. Ita kaɗai ce a littafin aka miƙa wa fansa a tafin hannu ta mayar.

Rushewa

Manyan gwamnatin ba su buƙaci a yaƙe su ba. Peter Creedy, sabon shugaban Yatsa, ya ɗauki 'yan dabar Harper haya yana shirin juyin mulki. Helen Heyer, matar shugaban Ido, ta saye Harper da kuɗi da jikinta don mijinta ya hau. Harper ya yanka Creedy da aska. V ya aika wa mijin faifan bidiyon matarsa da Harper, mazan biyu suka kashe juna. Wannan sashe yana sauri, mutanensa kuma ba su da zurfi, Helen musamman an zana ta mugunta tsantsa ba wani abu. Wadda ta fi su nauyi ita ce Rose Almond, matar tsohon shugaban Yatsa da V ya kashe. Mijin yana dukanta, da ya mutu gwamnatin da ya yi wa bauta ta watsar da ita, ta ƙare tana rawa a gidan giya don ta ci abinci. Ita ce ta harbe Shugaba Susan a bainar jama'a. Fansarta ta fi ta V kama da ta mutane, ba ado, ba jawabi ga gunki, amma ita ma ɗaya ce daga 'ya'yan dominon.

To bayan nan fa? V ya bambanta hargitsi da tsarin da yake fata, inda mutane za su tafiyar da kansu bisa yarda. Ya yarda cewa abin da ke titi yanzu wawaso ne da kisa, ya ce mataki ne. Amma bai kafa jama'a ba, bai bar majalisa ba, bai tanadi wanda zai raba abinci gobe ba, a ƙasar da ke rayuwa da rabon hatsi. Mas'alar fita a kan azzalumin shugaba Musulmi, wadda jumhur suka hana, aka kuma ruwaito Abu Hanifa ya goyi bayan Zaidu ɗan Ali a cikinta a shekara ta 122, ba ta hau kan Norsefire kai tsaye ba, kuma ba mai hankalin da zai ce a yi wa masu sansanin gwale-gwale biyayya. Ƙa'idar da ta hau ita ce ta duban makoma. Ibnul Ƙayyim a I'ilamul Muwaƙƙi'ina ya kasa gusar da munkari gida huɗu: ya gushe alheri ya maye shi, ko ya ragu, ko irinsa ya maye shi, ko mafi muni ya maye shi, na uku wurin ijtihadi ne, na huɗu haramun. Imamul Haramaini al-Juwaini, wanda ya rasu a 478, ya tafi nesa da haka a Giyasul Umam, ya yi nazarin zamanin da ba shugaba sam, ya ce wajibi ne mutanen kowane gari su gabatar da masu hankali da ilimi a cikinsu su bi su. Wato ko malamin da ya hango rushewar hukuma bai ɗauki rashin shugabanci a matsayin manufa ba, ya ɗauke shi musiba da ake gaggawar toshewa.

Fim ɗin da aka yi daga littafin, wanda ya fito a 2006 kuma Moore ya nemi a cire sunansa daga jikinsa, ya share wannan damuwa. A can dubban mutane sun fito sanye da fuskar, sojoji sun sauke bindiga, an yi wasan wuta, an tashi. Ya ƙara da wani abin da babu a littafin, inda aka kashe mutum saboda an sami Alƙur'ani a gidansa. Littafin ya fi shi gaskiya. Yana ɗauke da tsiraici da shan ƙwaya da maganganun da ba su dace da yara ba, kuma malamin da zai sa shi a darasi sai ya zaɓi shafuka; amma bai yi wa mai karatu alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Evey ta ƙi buɗe fuskar gawar V, ta sanya kayansa, ta ce ita ba za ta yi kisa ba, ta tura gawarsa cikin jirgi maƙare da nakiya ƙarƙashin fadar firaminista da ke Downing Street. Sannan ta tsamo wani matashin ɗan sanda, Dominic Stone, daga hannun masu tarzoma, ya farfaɗo a gidan ƙarƙashin ƙasa, mai fuskar aro tana yi masa maraba da irin kalmomin da aka yi mata, shi ma ba a tambaye shi ba. Finch kuwa ya ratsa ta cikin mashaya da ke kwance a kango, Helen Heyer tana cikinsu tana roƙonsa su tara runduna su karɓi mulki, ya ture ta. Zanen ƙarshe shi ne na bayansa, yana tafiya shi kaɗai a kan babbar hanyar M1 zuwa arewa, fitilun titi duk a mace.